Yumɓun Katsina a Kasuwar Gwanjon Turai

Duk wanda ya taso daga Kano zai shiga birnin Dikko, Ƙofar Kaura ce ke fara yi masa maraba. Ta ci sunan Kaura, jagoran mayaƙan Katsina a zamanin sarakunan Haɓe, kuma tun watan Janairun 2023 da aka buɗe gadar ƙasa a wurin, motoci da 'yan adaidaita sahu ke ratsawa ta sama da ta ƙasa ba dare ba rana. Da za a tsayar da masu wucewa a tambaye su abin da Katsina ta yi suna a kansa, wani zai ce Hasumiyar Gobarau, wani ya ce ilimi da malamai, wani ya ce wasan folo, wani kuma ya ce ai kunya da kara. Da wuya a sami mai cewa mutum-mutumin yumɓu.

Amma a gidajen gwanjo na Faris da Burasel, da zarar an ce “Katsina”, abin da ke faɗo wa dillali a rai ke nan: wani ɗan mutum na gasasshiyar ƙasa, yana zaune ya tattaro gwiwoyinsa zuwa ƙirji, hannuwa a kan gwiwa, idanu a lumshe, sau da yawa a ɗore bisa wata tukunya mai tumbi. A kundin kayan gwanjo akan buga hotonsa a kan baƙar shimfiɗa, a rubuta tsawonsa, a ce ya kai shekara dubu biyu ko kusa da haka, sannan a sa kuɗin da ake sa ran zai yi. Abin da ba a taɓa rubutawa shi ne sunan ƙauyen da aka tono shi, domin wanda ya tono bai faɗa ba, wanda ya saya kuma bai tambaya ba.

Kasuwar kanta tsohuwa ce. Gidan Sotheby's ya fara a Landan a 1744, Christie's ya biyo a 1766, shi kuwa Drouot na Faris tun 1852 yake tara jama'a. Tsarinsu bai yi nisa da na kasuwar shanu ba: mai kaya yana da kuɗin da in tayi bai kai shi ba zai ce albarka, masu saye suna ta ɗaga tayi, sai dai a nan ba a ɓoye hannu cikin hannun riga, a fili ake yi, kuma buga guduma ne sallamawa. La'adar gidan takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, a wuyan mai saye. Tukwane da tangaran suna da babban matsayi a wannan kasuwa. A 2014, a Hong Kong, wani attajirin Sin mai suna Liu Yiqian ya sayi ɗan kofin tangaran na ƙarni na 15, mai zanen kaji, wanda bai cika tafin hannu ba, a kan kusan dala miliyan 36. Ba yumɓun ya saya ba. Ya sayi sanin cewa a matoyar wane sarki aka gasa shi, da jerin hannuwan da ya bi kafin ya iso gare shi. Wannan sani shi ne jarin kasuwar gaba ɗaya, kuma a kansa ne labarin yumɓun Arewa ya rabu gida biyu.

An fara ne daga ramin kuza. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka ci karo da wani ɗan kai na yumɓu, aka ajiye shi ba tare da an san ko mene ne ba. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tone-tonen tarihi, wani kan da aka samo a Jama'a. Kafin ya iso hannunsa, sai da ya yi shekara guda a gonar doya, an kafa shi yana korar ɓarna. Fagg ya dubi idanun, masu kusurwa uku da huda a tsakiya, ya ga irinsu ɗaya da na Nok, ya fahimci cewa wata al'umma guda ce ta bar waɗannan abubuwa. Ya bi ma'aikatan kuza yana roƙonsu su daina fasa abin da suka tono, kuma abin da ya tara shi ne harsashin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Daga baya, a Taruga, ya tono matoyar tama da ta nuna mutanen nan sun iya narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa.

A daidai wannan lokaci wani Bature daban yana yawo a Arewa, shi kuma tukwanen masu rai yake nema. Michael Cardew magini ne da ya koyi sana'a a Ingila wurin Bernard Leach. A 1950 gwamnati ta ɗauke shi ya duba yadda za a inganta ginin tukwane a Najeriya. Ya zaga garuruwa yana kallon randuna da tuluna da kasake, har ya sauka a Abuja ta asali, garin da Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi, wanda yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga wasu randuna da suka tsayar da shi. Sarkin ya daɗe yana sayen aikin wata mata Bagwariya daga Kwali mai suna Ladi, yana ajiyewa don kyansu kawai, ba don a zuba ruwa ba.

Ya kamata Bakatsine ya lura da wannan sarki. Sulaimanu Barau ɗalibin Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a 1922, ya fita ya yi koyarwa kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Wato mutumin da ya fara tara tukwanen Ladi Kwali a matsayin abin ado, tun kafin wani gidan gwanjo ya san sunanta, a Katsina ya yi karatu, a cikin ginin ƙasar nan da yau ya zama gidan adana kayan tarihi na birnin. Ana yawan ba da labarin kamar Cardew ne ya gano ta. Idon sarki ne ya riga nasa.

An haifi Ladi wajen 1925, ta koyi gini wurin gwaggonta kamar yadda 'yan matan Gbagyi ke koya. Ba ta da injin juyi. Takan ɗora curin yumɓu a ƙasa, ta luma hannu a ciki, ta riƙa jan bangon sama tana zagaya tukunyar da baya da baya, tana ƙara nannaɗaɗɗen yumɓu har wuya ya fito. In ta sha iska, sai ta ɗauki ɗan tsinke ko wuƙa ta tsaga jikinta gida-gida, a kowane gida ta zana ƙadangare ko kunama ko kada ko hawainiya ko kifi, ta cike tsakani da ƙananan layuka da take yi da murɗaɗɗiyar igiya. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juyi, ta yi faranti da butar shayi da kofuna, amma randunanta ta ci gaba da gina su da hannu. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Maimakon toyi a fili da ciyawa da itace, sai aka riƙa shafe su da ruwan ƙyalli ana sa su a rufaffiyar matoya mai zafin da ya haura digiri 1,200.

Nan akwai abin da duk matar da ta taɓa ajiye randa a ɗaka za ta gane nan take. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafo: ruwa na ratsa jikinta, iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Randar da aka gasa ta zama kamar dutse, aka kuma rufe ta da ƙyalli, ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo. Wasu masana suna ganin an raba sana'ar da gidanta, kuma suna da hujja. Sai dai wannan sauyi shi ya sa randunan suka jure tafiya a jirgi, suka jure shekaru saba'in, suka isa inda suke yau. A gindin kowace akwai tambari biyu da aka danna tun yumɓu yana ɗanye: haruffan LK, da sunan Abuja a rubutun ajami. Mai saye a gwanjo, kafin ya dubi ƙadangaren, sai ya kifa tukunyar ya nemi waɗannan tambura.

An nuna aikinta a Berkeley Galleries ta Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta zaga Amurka tare da Cardew a 1972 tana gina randa a gaban ɗaliban jami'o'i. Ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba, sannan ta karɓi lambar yabo ta ƙasa kan hazaƙa a 1980. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana sunkuye a kan tukunya, kuma yawancin masu miƙa wa ɗan acaɓa wannan takarda ba su san sunanta ba.

Ba ita kaɗai ba ce a cibiyar. Akwai Halima Audu, wadda ta rasu da ƙuruciya ta bar randuna kaɗan masu ban mamaki, akwai Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, kuma kowace da tambarinta. Shekaru da yawa tukwanen Abuja suna zaune a gidajen tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka a Ingila, ana zuba musu fure. Da masu su suka mutu, magada suka riƙa kai su gwanjo, farashi ya fara hawa. Yau randar Ladi mai kyau dubban fam-fam take yi a gidaje irin su Bonhams da Maak. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ta zo Abuja a 1974 ta zauna a gaban Ladi ta koyi gini da hannu, an sayar da tukunyarta guda a Maak a 2020 kan fam 240,000. A 2022 aka yi baje koli a Two Temple Place ta Landan wanda ya fara da Ladi ya biyo har zuwa matan da suka gaje ta. Duk wannan ya yiwu ne domin an san wadda ta gina, an san shekarar, an san matoyar.

Mutum-mutumin Katsina kuwa ta ɓarauniyar hanya ya fita.

Dokar Najeriya ta hana fitar da kayan tarihi ba izini tun 1953, an ƙarfafa ta da doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ƙasar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Duk da haka, a shekarun 1990, lokacin da naira ta faɗi, rayuwa ta yi tsanani, sai haƙa ta ɓarke. A ƙasar Nok ƙauyuka sukutum suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Dillalai na zuwa da kuɗi a hannu, kaya na bi ta Kwatano da Lome zuwa Burasel da Faris. A cikin wannan ambaliya ne wasu siffofi suka bayyana waɗanda ba su yi kama da na Nok ba. Masu kaurin gira da gemu da ɗaurarriyar fuska aka ce musu “Sakkwato”. Masu zaman tsugune da lumsassun idanu aka ce musu “Katsina”. Dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, shi ma ya sha tono. 'Yan kasuwa ne suka raɗa waɗannan sunaye, bisa abin da masu kawo kaya suka gaya musu, ba masu bincike ba.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. A Nijar, an gano maƙabartar Bura a 1975, Boubé Gado na cibiyar bincike ta Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983, ya sami ɗaruruwan tukwanen binne gawa a kife, wasu da kawunan mutane, wasu da mahaya dawaki. Da aka nuna su a Faris a 1993, masu tara kaya suka gani suka yaba, kuma cikin 'yan shekaru aka rarake yawancin wuraren da ke yankin.

Mai tono ba mugu ba ne, talaka ne. A wurinsa abin da ya fito daga rami gunki ne na mutanen jahiliyya, in wani zai ba da kuɗin buhun gero a kansa, to, kakarsa ta yanke saƙa. Amma asarar da ke ciki ba ƙarama ba ce, kuma ba ta da alaƙa da bauta. Mai bincike ba siffar kaɗai yake nema ba. Yana neman gawayin da ke gefenta don ya auna shekaru, da ƙwayar hatsin da ta ƙone don ya san abin da ake nomawa, da tsingaron tukwanen girki, da kashin tama, da yadda aka ajiye kowane abu kusa da ɗan'uwansa. Diga ɗaya ta watsa duk wannan. Da masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara aiki a ƙasar Nok a 2005, sun tarar mafi yawan wuraren an riga an birkita su. Daga ɗan abin da ya rage suka gano cewa al'ummar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin miladiyya, gero ne abincinta, kuma da gangan ake fasa siffofin a binne su a ramuka. Nok ta sami wannan gata. Siffofin Katsina har yau ba su samu ba, don haka tambayar su wane ne suka gina su, da ko suna da dangantaka da Durɓawa, tsofaffin masu mulkin ƙasar, ko da waɗanda suka riga su, tana nan a buɗe, alhali amsarta tana warwatse a falukan attajiran Turai.

Inda babu asali, jabu kan yi kasuwa. Gidajen gwanjo sun dogara da wani gwaji da ake yi wa ɗan garin da aka ƙwaƙulo daga jikin tukunya, wanda ke nuna tsawon lokacin da ta yi rabonta da wuta. Masu wayo suka gane inda ake hudawa, sai su sa tsohon tsingaro a wurin, sauran jikin kuwa sabon gini ne, ko a niƙa tsofaffin gutsattsari a kwaɓa da danƙo. A 1991 Sotheby's ta New York ta sayar da wani ragon yumɓu na ƙasar Mali kan dala 275,000 bayan ya ci wannan gwaji. Shekaru goma bayan haka wani ɗan jarida ya wallafa cewa wani magini a Mali ya shaida masa shi ya gina mafi yawan jikin ragon a kan 'yan tsofaffin gutsattsari.

A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya. Na farko a jerin su ne siffofin Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato. A watan Afrilun wannan shekarar Shugaba Jacques Chirac ya buɗe sabon sashe a gidan tarihi na Louvre, sai ga siffofin Nok biyu a ciki, daga cikin uku da Faransa ta saya wurin wani dillali a Burasel kan kuɗin Faransa na lokacin miliyan biyu da rabi. Ta ukun ta Sakkwato ce. Chirac da kansa ya nemi amincewar Shugaba Obasanjo, duk da cewa jami'an hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ba su so ba. Masanin Ingila Colin Renfrew ya fito fili a Faris ya soki cinikin. Surutu ya yi yawa har a 2002 aka sake zama: Faransa ta yarda kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Bayan haka an ɗan sami dawowar wasu: Amurka ta miƙa siffofin Nok da jami'an kwastan suka kama a 2012, Faransa ta miƙa biyar a 2013.

Katsina ta taɓa ganin yadda abin ke kasancewa in an bi ƙa'ida. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai tuddan da aka binne manyan Durɓawa. H. R. Palmer ya tona a 1907, a farkon sarautar Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992. Kayan da aka samu, da tasoshin ƙarfe da suka ƙetaro Sahara daga ƙasashen Musulmi na gabas, da zobban zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun ado, an kai su Mainz ta Jamus aka gyara, aka auna shekarunsu, aka nuna su a 2011, sannan aka maido. Saboda an san ramin da kowanne ya fito, sun tabbatar da cewa tun ƙarni na 13 zuwa na 14 masu mulkin wannan ƙasa suna cikin cinikin da ya haɗa su da Masar, kafin zamanin Muhammadu Korau. Tasa guda daga Durɓi ta faɗi abin da siffofin “Katsina” ɗari na kasuwar gwanjo ba za su iya faɗa ba.

Ba kuma za a ce Bahaushe bai san tara kayan ƙawa na ɗaki ba. Kakanninmu mata su ne manyan masu wannan harka: jeren tasoshi da langa-langa da fanteka har rufin ɗaki, da farantan tangaran da ake mannawa a bango ko a tsakiyar daurin guga, kowanne an san bikin da ya zo da shi da wadda ta bayar. Da zamani ya juya aka kawo kabad da kayan gilashi, yawancin wannan jere 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suka kwashe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Randa ta ba firji wuri, tulu ya ba jarka, buta ta koma roba. Abin da ya riƙe magina tukwane a birane yanzu shi ne tandar masa, da asusu, da kaskon turaren wuta, da tukwanen rufe kabari. Babu mai sa tambari a gindin aikinsa, babu kuma mai saye ya ajiye ya rubuta sunan magini da shekara, abin da Sulaimanu Barau ya yi wa Ladi ke nan a zahiri, ko da bai riƙe alƙalami ba.

Siffofin nan uku da Faransa ta saya suna Faris har yanzu, a hannun gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006, da rubutu a gefensu mai nuna cewa ajiyar Najeriya ce. Wa'adin aron zai cika a 2027, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda gidan tarihin Katsina ke ƙarƙashinta, tana cikin masu bakin magana a kan ko a sabunta ko a ce a kawo su gida.